Araha Ba Ta Ado: Hattara da Lambar Lasisin Kwamfuta ta Bayan Fage

(Jawabi ga sakatarori, ma'aji da kwamitocin agaji na ikilisiyoyin yankin Jibia)



Mu mutanen bakin iyaka ne. Daga Magama zuwa Ɗan Isa har Maraɗi, kowa ya san bambancin kayan da suka bi ta hannun kwastan da waɗanda suka bi ta daji. Na dajin sun fi araha, amma ranar da aka kama su ba ka da wurin kai kuka. To, haka ma lambar lasisin Windows ko Office take, wato lambar da ake shigarwa kwamfuta don a tabbatar an biya kuɗin manhajar.

Daga ina mai sayarwa ya samo ta har yake ba da ita a kuɗin katin waya? Sau da yawa lamba ce da aka ba wani kamfani ko makaranta don kwamfutocinsu kaɗai, sai wani ya fitar da ita yana sayar wa mutane barkatai. Wata kuma da katin bankin sata aka saye ta. Idan kamfanin Microsoft ya gano, yana iya toshe lambar, kuɗinka ya tafi, mai sayarwa kuma ya kashe wayarsa.

Amma asarar kuɗi ita ce ƙarama. Wasu masu gyara ba lamba suke sawa ba, wata 'yar manhaja ce ta fasa ƙwauri, kuma sai an kashe rigakafin kwamfuta kafin ta shiga. Irinta kan zo da ƙwayar cuta mai kwashe lambobin sirri. Ku tuna abin da ke cikin kwamfutocinmu: sunayen gwauraye da marayu, na waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, lambobin wayarsu, asusun banki, da ranar rabon hatsi. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, wannan jeri bai kamata ya faɗa hannun baƙo ba. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023, wadda ta ɗora wannan nauyi a kan duk mai ajiye irin waɗannan bayanai.

Akwai kuma batun sabuntawa. A watan Mayu 2017, cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka kamu. Windows 7 ya daina samun sabuntawa a Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Ga abin da nake roƙo mu yi:

1. Duk mai zuwa Katsina ko Kano sayen kwamfuta, ya karɓi rasit mai nuna lasisin.
2. Kada a bar mai gyara ya sa wani abu ba da sanin sakatare ba.
3. In babu kuɗin Office, akwai LibreOffice. Kyauta ce, halal ce, tana rubuta wasiƙa da lissafi.
4. A riƙa kwafe bayanai kowane mako a filas, a ajiye wurin ma'aji.

'Yan'uwa, kuɗin da muke aiki da su baikon masu bi ne, sunayen nan kuma amana ce da mabukata suka ba mu. Wanda yake shakkar kwamfutar ikilisiyarsa ya kawo ta ofis mu duba tare.

Ubangiji ya sa mana albarka. Amin.