Tsakanin Batir Da Sabis: Darasi Daga Kantin Kwari

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai





Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan wani abu na kimiyya, bisa sharaɗin kada ya zama irin wanda zai sa jama'a gyangyaɗi bayan an ci shinkafa. Don haka na zaɓi abin da ke cikin aljihun kowannenmu, wato wayar salula da 'yan ƙananan na'urorin da ke aiki tare da ita ba da igiya ba. Tambayata ita ce: me ya sa na'urar da batirinta ke daɗewa take yawan jinkirin amsawa, wadda kuma ba ta jinkiri take saurin shanye caji? Na ɗauki Kantin Kwari a matsayin misali domin da yawa daga cikinmu can suke neman abinci, mu kuma ma'aikatan gwamnati can albashinmu yake ƙarewa idan Salla ta gabato.

Yadda Muka Zo Nan

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki. Muna makaranta aka yi yayin Nokia mai tocila, wadda malamanmu suka sha ƙwacewa daga hannun masu shigo da ita a ɓoye. Ita wannan takan yi kwanaki ba a yi mata caji ba, domin aikinta kira ne da saƙo kawai.

Yau lamarin ya wuce gaisuwa. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Daga Janairu zuwa Maris na 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. A waɗannan makonni ɗan kasuwar da bai taɓa yarda da tiransifa ba ya koye ta ala tilas, na'urar POS kuma ta samu mazauni kusa da almakashi da ma'aunin yadi. Tun daga nan, mutuwar batir ko ɗaukewar sabis a Kwari tana nufin bandir na shadda yana kan kan ɗan dako, baƙo daga Maraɗi ko Injamena yana duban agogo, kuɗi kuwa ba su shigo ba.

Barcin Mai Gadi

Malamanmu na kimiyya, Allah ya saka musu da alheri, sun koya mana cewa babu aikin da ake yi ba tare da an kashe ƙarfi ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sauraro ma aiki ne. Kowace irin wannan na'ura tana da ƙaramar rediyo a cikinta, kuma muddin kunnenta a buɗe yake, tana shan wuta ko da ba wanda ya yi mata magana.

Dabarar da injiniyoyi suka fito da ita irin ta mai gadin kasuwa ce, wanda yake ɗan runtsawa, ya farka ya haska tocila, ya sake runtsawa. Wayar da ke ajiye a kan kanta barci take yi, sai dai takan farka kusan duk sakan ɗaya ko biyu ta saurari ƙarfen sabis ko akwai mai nemanta. Idan mai gadi yana farkawa a kai a kai, ɓarawo ba zai wuce shi ba, amma kafin asuba ya jigata. Idan ya tsawaita barci zai wayi gari garau, sai dai wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa zai daɗe a tsaye. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya.

An fi ganin wannan a Bluetooth, hanyar da iyafis da agogon hannu da 'yar na'urar buga rasit suke bi su yi magana da waya. A 2010 aka fito da nau'insa mai tsimin wuta. A ƙa'idarsa, waya da na'ura suna yin alƙawarin lokacin da za su riƙa haɗuwa, kuma tazarar tana iya kasancewa daga kashi 7.5 cikin 1,000 na sakan har zuwa sakan 4. Wato wata na'urar tana iya farkawa fiye da sau 500 kafin 'yar uwarta ta farka sau ɗaya. Da irin wannan tsimi ne AirTag, ɗan maɓallin gano kayan da suka ɓace wanda Apple ya fitar a 2021, yake yin kimanin shekara guda da batir mai girman kwabo, alhali batirin wayar Tecno ko Infinix, da ya ninka shi fiye da sau 20, da ƙyar yake kwana biyu. Akwai kuma wa'adi: idan aka yi ta saɓa alƙawarin haɗuwa har lokacin da aka ɗiba ya cika, waya za ta ɗauka na'urar ta tafi, ta yanke hulɗa. Daga nan sai an sake neman juna, neman kuma yana cin wutar da ake ƙoƙarin tattalawa.

Me Ya Sa Abin Ya Fi Tsanani A Kwari?

Dalili na farko shi ne gini. Shagunan da ke can cikin gidajen kasuwa suna kewaye da kankare da rodi da ƙofofin ƙarfe da diloli har rufi. Waya idan ta ji muryar ƙarfen sabis ta yi nisa, ɗaga tata muryar take yi. A tsarin 2G tana iya kaiwa wat 2 a lokacin da take aikawa, a 4G kuwa iyakarta wat 0.2. Idan sabis ya ɗauke gaba ɗaya, sai ta shiga lalube ba hutawa. Wannan ya sa wayar da ta wuni a ƙuryar shago takan mutu kafin la'asar, irinta da ke bakin titi kuwa ta kai dare.

Na biyu shi ne cunkoso. Sandunan sabis da muke gani a fuskar waya ƙarfin murya kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da ke layi. A goman ƙarshe na azumi dubban wayoyi ne ke rububin ƙarfe ɗaya, saƙo ya tafi ya kasa isa, a sake aika shi, kowace maimaitawa kuma da kuɗinta a batir. Bluetooth ma yana da nasa cunkoson, domin zango ɗaya yake amfani da shi da Wi-Fi, jikin ɗan Adam kuma yana tare shi. Shi ya sa iyafis ke sarƙewa idan waya tana aljihun ɗaya ɓarin a cikin turmutsutsu.

Na uku shi ne mu da kanmu. Saboda wuta ba ta tsayawa, kowa ya iya danna maɓallin tsimin batir. Tun 2015 Android ya shigo da tsarin da ke sa waya dogon barci idan an ajiye ta, fuskarta a kashe, ba ta jikin caji. Manhajoji sai su jira ɗan lokacin da za a buɗe musu ƙofa. Wasu masu ƙera waya sukan ƙara nasu takunkumin, su rufe manhajar da ba a taɓa ba. Sakamakonsa, sanarwar manhajar banki tana iya makara. Mai saye na gaskiya ya sha zargi, mai alat na bogi kuma ya samu abin fakewa, ya ce ai sabis ne.

Shawarwari

Tun da ba a samun biyun a cike, abin yi shi ne mutum ya zaɓi na'urar da ba za ta yi barci ba, ya bar sauran su huta.

Na ɗaya, wayar da kuɗi ke shigowa ta cikinta da na'urar POS su ne masu gadin dukiya. A cire manhajar banki daga jerin waɗanda ake takura wa, kada a kunna tsimin batir a lokacin ciniki, a tanadi fawa banki. Tsimi ya koma kan hasken fuskar waya da bidiyo da agogon hannu, inda jinkiri ba ya jawo asara.

Na biyu, a nema wa na'ura mazauni kusa da ƙofa ko taga. Nan ne kaɗai ake jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin sabis mai ƙarfi yana rage shan wuta.

Na uku, a ajiye ƙaramar waya mai madannai da layin wani kamfani dabam. Da ita ana iya kira, a karɓi saƙo, a duba asusu ta lambobin banki ba tare da data ba.

Na huɗu, kada kaya su fita sai an ga kuɗi a cikin asusu, ba a wayar mai saye ba. Idan POS ta tsaya tana juyi, a bincika kafin a sake saka kati, don gudun cirar kuɗi sau biyu.

Na biyar, zafi maƙiyin batir ne, ga shi a Kano yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Kada a bar waya a gaban mota, kada kuma a kwana ana caji a tsakiyar atamfofi da caja marar inganci, a kasuwar da ta sha fama da gobara.

Na shida, idan za a sayi na'ura a Beirut ko Farm Centre aka ce batirinta na yin wata guda, a tambaya: tana aiki ne ko tana barci?

Kammalawa

Ranku ya daɗe, tushen wahalar dai wuta ce. Da caji yana samuwa ko da yaushe, da ba wanda zai tilasta wa na'urarsa barci. A 2018 Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta fara shirin ba shagunan kasuwar Sabon Gari wutar sola, abin da ya nuna ana iya yi. Ina kira ga 'yan uwanmu da ke da murya a ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ofisoshin gwamnati su matsa a kan wuta da ƙarin ƙarafan sabis a cikin kasuwanni. Ina kuma roƙon ƙungiya ta ware rana guda injiniyoyinmu su koma makaranta su nuna wa ƙannenmu waɗannan abubuwa da waya a hannu, domin da dama daga cikinsu gobe su ne za su tsaya a bayan kanta.