ASALIN SAMA DA ƘASA: TSAKANIN KIMIYYA DA ADDINI

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, malamin kimiyya, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)



Da aka nemi in yi magana a kan asalin sama da ƙasa, sai na tuna da wata rana ina aji huɗu. Da safe malamin kimiyya ya ce mana sararin samaniya ya fara ne da wata babbar fashewa. Da magariba kuma muka ji a wurin karatu cewa Allah ne ya halicci komai. Na kwana ina juyi, ina ganin dole in riƙe ɗaya in saki ɗaya. Wani abokina kuwa, wanda ya fi mu duka iya lissafi, barin ajin kimiyya ya yi. Don kada a sake irin wannan asara na amsa gayyatarku.

To, me masana kimiyya suka gano? A 1927 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya bi lissafin Einstein ya nuna cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. A 1929 Edwin Hubble, da babban madubin hangen nesa na Dutsen Wilson a Amurka, ya nuna cewa gungu-gungun taurari suna nisantarmu, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Yaya aka sani? Kun san yadda ƙarar hon ɗin babbar mota ke yin ƙasa idan ta wuce ku. Haka haske yake: idan abu yana nisantarmu, haskensa yakan karkata zuwa ja. Idan kuwa komai yana rabuwa yau, ashe a da komai yana cure wuri guda cikin matsanancin zafi.

Ba kowa ya yarda ba. Fred Hoyle na Ingila, wanda ya laƙaba wa ra'ayin sunan Babbar Fashewa a rediyon BBC a 1949, yana ganin sararin samaniya ba shi da farko. Amma a 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka bayyana wata 'yar ƙara da na'urarsu ke kamawa daga kowace kusurwa ta sama. Har tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kora, suka share kashinsu, ƙarar ba ta daina ba. Ashe ragowar zafin farko ce. Bisa awon yau, sararin samaniya ya kai kimanin shekara biliyan 13.8, wannan ƙasa tamu kuma kimanin biliyan 4.5.

Ku lura, ba fashewa ba ce irin ta nakiya a cikin ɗaki. Sararin ne da kansa yake buɗewa, kamar ƙullin fanke idan ya tashi. Haka kuma lissafin bai faɗi dalilin da ya sa aka sami wani abu tun farko ba. A nan ya tsaya.

Addini fa? Musulmi da Kirista duka sun yi imani cewa Allah ne ya halicci sama da ƙasa, kuma littattafansu sun ambaci kwana shida. Malamai sun daɗe suna tattauna tsawon waɗannan kwanaki, domin a Alƙur'ani an ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 a Suratul Hajji, da mai tsawon shekara 50,000 a Suratul Ma'arij. Muhawarar ma ba sabuwa ba ce. Ibn Sina yana ganin duniya ba ta da farko a zamani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi masa raddi a littafinsa Tahafutul Falasifa. Daga baya Ibn Rushd ya mayar wa Gazali da martani.

Ga gargaɗi, musamman ga mu manya. Mukan yi gaggawar ɗauko aya ta 30 a Suratul Anbiya ko ta 47 a Suratuz Zariyat mu ce kimiyya ta tabbatar da su. A yi hattara. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa binciken zamani ya gaskata halitta. Lemaître, wanda shi kansa limamin Katolika ne, bai ji daɗin haka ba, domin ya san sakamakon bincike yana sauyawa. A 1998 aka gano cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi, saɓanin zaton masana. Wanda ya ɗaure imaninsa a jikin awo, ranar da aka gyara awon zai shiga ruɗu.

Ku tuna da ƙarfen da ake bugawa idan lokacin tashi ya yi. Me ya sa muke jin ƙara? Ɗalibin kimiyya zai ce ƙarfen ne ya girgiza iska ta iso kunne. Wani zai ce mai kula da lokaci ne ya buga don a tashi. Wa ya yi ƙarya? Babu. Ɗaya ya faɗi yadda abin ya faru, ɗaya ya faɗi wanda ya yi da abin da ya nufa.

Saboda haka, ƙannena, kada tsoro ya fitar da ku daga ajin kimiyya, kada kuma ɗan abin da kuka karanta ya sa ku raina malamin zaure. Mu kuma iyaye, idan yaro ya zo da irin wannan tambaya, kada mu rufe shi da faɗa. Mu zaunar da shi, mu saurare shi, mu kai shi wurin wanda ya sani. Da abokina ya sami haka, da wataƙila shi ne a tsaye a gabanku yau.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.