Darasi Daga Dajin Albata



Yau zan kai ku lardin Albata na ƙasar Kanada, inda dajin sanyi ya shimfiɗu a kan yashi mai ɗauke da ɗanyen mai. Daji ne na itatuwa masu ganye kamar allura, da fadamu masu gansakuka. Idan sanyi ya wuce, tsuntsaye kan taso tun daga Kudancin Amurka su yi sheƙa a cikinsa.

Tun 1967 ake haƙar man nan don kasuwa. A 2008 agwagin ruwa kimanin 1,600 suka mutu bayan sun sauka a tafkin dagwalon wata ma'aikata. Amma ɓarnar da ta fi faɗi ba ta da amo. Masu neman mai sun tsattsaga dajin da siraran hanyoyi, kuma a fadamu akan shafe shekaru da dama itatuwa ba su mayar ba. Tsuntsayen da ke son tsohon kurmi suna raguwa, ƙarar injuna tana danne kukan da namiji ke kiran mace da shi, hankaki kuwa sai ƙaruwa yake. Masanan can sun gane haka ne domin suna ƙirgawa, suna rubutawa.

Jama'a, a 2022 aka ƙaddamar da aikin mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Wa ya ƙirga ɗorawa da kaɗanya da gauraka kafin injuna su iso? Ina roƙon wannan ƙungiya ta sa ɗalibanmu su zauna da dattawa, su rubuta sunan kowace bishiya da kowane tsuntsun garinmu. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.