Rabon Gurabe a Ƙasashe Masu Ƙabilu da Yawa

Ƙasar da ta tara ƙabilu da yawa takan fuskanci matsala guda: wasu al'ummomi sun riga wasu shiga makaranta da aikin gwamnati, kuma tazarar ba ta rufe kanta. Ƙasashe da dama sun nemi magance ta da doka, kowace da salonta.

Indiya na cikin waɗanda suka fara. Tsarin mulkinta na 1950, wanda B. R. Ambedkar ya jagoranci tsara shi, ya buɗe hanyar keɓe gurabe ga 'yan Dalit, waɗanda al'ada ta ƙasƙantar har ana ƙyamar taɓa su. Ana ware musu kashi 15 cikin ɗari na ayyukan gwamnatin tarayya, ƙabilun asali kuma kashi 7.5. A 1990 aka ƙara kashi 27 ga wasu rukunonin da ke baya, bisa shawarar Kwamitin Mandal. Kotun Ƙoli ta amince a 1992, da sharaɗin kada jimillar ta wuce rabi, kuma a cire 'ya'yan masu hali daga wannan rukuni na ƙarshe.

A Malesiya masu rinjaye aka fifita. Bayan tarzomar ƙabilanci ta Mayun 1969, gwamnati ta fito da sabon tsarin tattalin arziki a 1971, da burin Malayawa da sauran 'yan asali su mallaki kashi 30 na hannun jarin kamfanoni. Amurka kuwa tsiraru ta duba, musamman baƙaƙen fata. Kotun Ƙolinta ta haramta ƙayyade adadin gurabe a 1978, sannan a 2023 ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Brazil ta haɗa ma'aunai uku: dokarta ta 2012 ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga ɗaliban makarantun gwamnati, ana kuma duba abin hannun iyaye da launin fata.

Najeriya ta ɗora nata tsarin a kan jiha. Ƙa'idar raba daidai ta shiga tsarin mulki a 1979, aka kafa mata hukuma a 1996, kuma dole kowace jiha ta samu aƙalla minista ɗaya. Sai dai shaidar zama ɗan asalin jiha ita ce mabuɗi. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano ko a Jos kan koma ƙaramar hukumar kakanninsa neman takarda, ko da bai taɓa kwana can ba.

Ƙorafin da ake yi wa waɗannan tsare-tsare kusan iri ɗaya ne: gurbin da aka keɓe wa al'umma sau da yawa ɗan mai hali ke ɗauke shi, domin shi ne ya gama sakandare. Ɗan talakan da bai kammala firamare ba, bai ma iso ƙofar da ake rabon ba. Shi ya sa keɓe gurabe ke buƙatar a haɗa shi da duba halin iyali da gyaran makarantun firamare, tare da sake auna tsarin lokaci zuwa lokaci don a san wanda ke amfana da shi.