Kalmar "Gossypine" da Audugar Funtua

Yau na zo muku da wata kalmar Turanci da ko 'yan boko da yawa ba su taɓa jinta ba: gossypine. Sifa ce, ana faɗinta ga abin da yake da laushi da gashi-gashi kamar auduga.

To daga ina ta fito? Daga Latin, inda ake kiran auduga gossypium. Wani marubucin Rum mai suna Pliny ya ambaci tsiron a Masar kusan shekara 2000 da suka wuce. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya ɗauki sunan ya raɗa wa dangin auduga baki ɗaya. Audugar da ake nomawa a Funtua da Malumfashi, sunanta a kimiyyance Gossypium hirsutum. Ita kuwa kalmar cotton, aro ce daga Larabci, ƙutun.

Ka ga kenan kalmar ba baƙuwarmu ba ce. Kamfanin BCGA da aka kafa a Manchester a 1902 saboda wannan tsiron ya zo ƙasar nan, ya girke injinan gurzar auduga a yankinmu. Kakanninmu sun noma ta, sun auna, sun biya haraji da kuɗinta.

Wani zai ce, to meye amfanin sanin wannan? Saurara. Daga tushe ɗaya aka samo gossypol, wani sinadari mai guba da ke cikin gurya. Matasa da yawa yanzu sun shiga kiwo, kuma ana haɗa abincin dabbobi da abin da ya rage bayan an tatse man gurya. Manyan shanu suna jure masa daidai gwargwado, amma idan ya yi yawa yana cutar da kaji da 'yan maruƙa, har ya ɓata launin gwaiduwar ƙwai. Duk wanda ya san tushen, da ya ga "gossy" a jikin buhu ko takarda, ya san maganar auduga ake yi, sai ya tambayi likitan dabbobi kafin ya zuba wa kajinsa.

Ni dai shawarata, mu daina haddace manyan kalmomi don burge mutane a Facebook. Mu bi tushensu, mu ga abin da za su tsare mana a gona da akurki.

Ku gaya min wace kalma kuke so mu tono a shiri na gaba. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.