Ƙarar da Ke Biyo Bayan Kashe Mota

Shugabannin ƙungiyar direbobi, iyayenmu kanikawa, manoma masu tarakta, da ɗaliban da suka zo daga Ƙaraye da Rogo:

Tambayar da aka ba ni gajeriya ce: me ya sa motar gas mai turbo take ci gaba da ƙara bayan an zare makulli? Da yawa daga cikinku kun taɓa tsayawa gefen Hilux ko babbar motar rake kuna jin tana ƙas-ƙas, gabanku na faɗuwa. Zan fara da kwantar muku da hankali: yawancin waɗannan ƙararrakin ba ciwo ba ne.

Ƙas-ƙas ɗin nan ƙarfe ne yake hucewa. Hayaƙin injin gas mai jan kaya yakan haura digiri 600, salansa ta buɗe saboda zafi, in ta fara sanyi sai ta tsuke tana ƙara. Fankar lagireto kuma, a motocin zamani kwamfuta ce ke ba ta umarni, tana iya yin mintoci tana juyawa bayan an kashe inji, musamman a watan Afrilu. Wasu motocin suna da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa ta cikin turbo, shi ne gurnanin da kuke ji ƙasa-ƙasa. Kanikawa, don Allah kada a kwance wa bawan Allah inji a kan waɗannan.

Inda nake so mu daɗe shi ne turbo ɗin kansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Fanka biyu ce a kan sanda guda: hayaƙi yana juya ɗaya, ɗayar tana cusa iska cikin inji. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, kuma abin da ya raba ta da ƙarfen da take zaune a ciki ɗan siririn baƙin mai ne kawai. Famfon man kuwa da inji yake aiki. Kana kashe inji, mai ya daina zuwa, sanda tana kan juyawa, zafi yana nan daram. Man da ya rage a wurin sai ya ƙone ya zama gawayi, ya toshe hanyar da sabon mai zai bi gobe.

To ku duba abin da muke yi. Direba ya ɗauko masara ko rake daga ƙauyukan Rogo, ko tumatirin rani daga bakin madatsar ruwan Challawa, ya sha hanya da lodi, yana isowa tasha sai ya taka totur har ƙasa sau biyu, ya murɗe makulli. Wai don batir ya cika. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici ƙwarai, domin ba ta ƙara wa batir komai, turbo kawai take tayarwa zuwa ƙarshen gudunsa a daidai lokacin da za a yanke masa mai. Mu mutanen doki ne a ƙasar nan. Wanda ya yi sukuwa ba ya zuwa ya ɗaure doki a turke nan take, sai ya ɗan zaga da shi numfashinsa ya dawo. Bayan aiki mai nauyi, a bar mota a silo minti biyu ko uku. Gas ɗin da za ta sha a wannan ɗan lokaci bai kai kuɗin shayi ba, turbo kuwa kowa ya san farashinsa.

Akwai ƙarar da ya kamata ta tayar muku da hankali. Ɗan fito na daƙiƙa kaɗan yayin da turbo yake tsayawa ba komai. Amma in ya koma kamar jiniya, ko kuka ji ƙarfe yana gugar ƙarfe, boris ya ci, ko kuma ƙurar hunturu ta wuce matatar iska ta cinye bakin fankar. A hanyoyinmu na burji matatar iska ba ta kai lokacin da littafin mota ya yanka mata, sai an riƙa dubawa. In kuwa ruwa ne yake ɓalɓala a lagireto bayan an kashe, a jira ya huce kafin a taɓa murfin, tururinsa yana saɓule fata.

Mafi hatsari shi ne a zare makulli inji ya ƙi mutuwa, ya ƙara gudu, hayaƙi ya turnuƙe. Injin gas ba ya buƙatar tartsatsi, duk man da ya samu zai ƙona. In turbo ya lalace yana yoyon baƙin mai cikin hanyar iska, injin zai riƙa shan man jikinsa har ya fashe. Kada a watsa masa ruwa. In mota mai giyar hannu ce, a danne birki, a sa babbar giya, a saki kuloci. Ko a toshe bakin iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ko tsumma ba. In abin ya gagara, kowa ya ja baya. Masu gareji, ku koya wa yaranku wannan tun kafin ku ba su sifana.