Wa'azi A Kan Sulhu Da Mayar Da Haƙƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku saurara. Idan mutum ya saci akuyar maƙwabcinsa, aka kai shi gidan yari wata shida, shin akuya ta komo? Ba ta komo ba. Mai akuya yana nan da hasararsa, iyalin ɓarawo suna kwana da yunwa, shi kuwa ya zauna cikin manyan ɓarayi ya ƙaro karatun sata. To, wa aka yi wa adalci?

Ku sani, malamai sun ce tuba daga zalunci ba ta cika sai da nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba a komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Ko a kisan kai, aya ta 178 cikin Suratul Baƙara ta buɗe wa waliyyan jini ƙofar afuwa, kuma diyya raƙumi 100 ce ko dinari 1000. Amma a mazhabar Imamu Malik, mai kisan ganganci ko an yafe masa ana yi masa bulala 100 da tsaron shekara guda, domin jama'a ma tana da haƙƙinta. Ban ce a zubar da haddi ba. Haddi in ya kai gaban alƙali babu ceto, amma kafin ya kai ƙofar yafewa a buɗe take.

Ku dubi ƙasar Ruwanda. A shekarar 1994 aka kashe mutane kimanin 800,000, mafi yawansu Tutsi, har gidajen yari suka cika da fiye da mutum 100,000. Sai suka farfaɗo da zaman dattawa na gargajiya mai suna Gacaca, daga 2002 zuwa 2012, aka yanke shari'u kusan miliyan biyu. Mai laifi ya tsaya gaban mutanen garinsa, ya faɗi abin da ya aikata, ya nuna inda gawa take, ya roƙi gafara, ya biya dukiyar da ya ɓata, sa'an nan a sassauta masa hukunci. Lalle an sami shaidar zur, an sami tuban baki, to mu kiyayi waɗannan.

Kuma kada a tilasta wa wanda aka zalunta. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza ranar Uhudu, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya nisantar da fuskarsa daga gare shi. Ashe yafewa daban, warkewar zuciya daban.

Saboda haka, ya liman, ya mai unguwa, ku zaunar da mai laifi da mai haƙƙi a zaure guda, a faɗi gaskiya, a biya, a rubuta gaban shaidu biyu adilai. Allah Ya sa mu sauke haƙƙoƙi tun muna da rai, amin. Wassalamu.